Yadda ɗalibi zai yi tattaki cikin birnin Kano ya sauke nauyin lissafin gobe

Daga aji uku zuwa ajin ƙarshe, kan ɗalibin jami'a yakan cika da lissafin abin da bai zo ba tukuna. Da wane sakamako zan fita? Wace jiha za a jefa ni bautar ƙasa? Wa zai tsaya mini in samu aiki? Digiri na biyu a gida ko a waje? Aure kafin aiki ko bayansa? Babu laifi mutum ya tsara gabansa. Matsalar tana shigowa ne ranar da ɗalibi ya buɗe littafi ya share awa guda bai juya shafi ba, ko ya kwanta ƙarfe 11 na dare, har 2 ta buga yana nan yana tufka da warwara a kan abu ɗaya.

Ɗalibin jami'ar gwamnati a Najeriya kuwa yana da dalilin zullumi. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 ya fara a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba. Wanda ya shiga jami'a a 2019 da niyyar fita a 2023 ya ga yadda aka ƙara masa wa'adi ba da shawararsa ba. Wani ma shekarunsa suka haura 30 kafin ya kammala, sai takardar yafe bautar ƙasa aka ba shi, bai sa kaki ba.

Abin da za mu bayyana a nan tattaki ne na safiya ɗaya, awa 2 zuwa 3, a hanyar da aka sani tun daga gida, da takarda ɗaya a aljihu. Ana so ka koma ɗaki da tsare-tsare kaɗan waɗanda ke hannunka da gaske, sauran kuma ka san inda ka ajiye kowanne da dalilin ajiye shi. Mun ɗauki tsohon birnin Kano ne saboda yana kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, kuma ɗaliban sauran manyan makarantun garin suna iya isa da adaidaita sahu ɗaya ko biyu. Ɗan Zariya ko Katsina ko Damagaram zai iya shimfiɗa tsarin a kan nasa birnin.

## Me ya sa sai da ƙafa, kuma sai ta lungu

A ɗaki babu abin da ke katse tunani. In kana tafe kuwa, ido da kunne da ƙafa kowanne yana da aiki: ga kwata za ka tsallake, ga mai kura yana neman hanya, ga dattijo za ka gaisar. Wannan katsewar ce ke hana tunani ɗaya ya yi ta zagayowa.

A 2014 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada ɗalibai a zaune da kuma a tafe, suka ga mafi yawansu sun fi kawo sababbin dabaru lokacin da suke tafiya. Amma a tambayar da ke da amsa ɗaya tak, tafiyar ba ta taimaka ba. Saboda haka duk wani lissafi na lamba a zaune za ka yi shi. Wani binciken na 2015 daga jami'ar dai ya raba mutane gida biyu, kowa ya yi tafiyar minti 90, wasu a fili mai ciyayi da itatuwa, wasu a gefen babban titi mai cunkoso. 'Yan fili ne saƙe-saƙen zucinsu ya ragu. 'Yan bakin titi suka dawo yadda suka tafi.

Don haka kada ka bi titin BUK, wato na Jami'ar Bayero, daga Kabuga zuwa Gidan Murtala kana shaƙar hayaƙi, ana danna maka hon, ka ce ka yi tattaki. Cikin birni ba daji ba ne, amma lungunansa da sassafe ba su da mota, akwai inuwar katanga, kuma hayaniyar da ke ciki ta mutane ce.

## Rana da lokaci

Ka fita bayan gari ya waye sosai, wajen ƙarfe 6:30 zuwa 7 na safe, ka gama kafin 10. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40 da rana, to a waɗannan watanni ƙarfe 9:30 ta same ka a hanyar komawa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tafiya ta fi daɗi amma ƙura tana da yawa: ka sa takunkumin fuska, ka shafa man kaɗe ko basilin a leɓe da dunduniya. A Agusta lungunan da ke kusa da Jakara sukan cika da ruwa da taɓo, in an kwana ana ruwa ka ɗage.

Akwai ranakun da ba su dace ba. Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli da safe, ana taƙaita zirga-zirga, za ka rasa abin hawa. Juma'a daga hantsi kewayen babban masallaci yana cika. Ranakun hawan salla gaban fada na dawakai ne, ranar Takutaha kuma, mako guda bayan Mauludi, jama'a ke tururuwa kan Dala. Safiyar Lahadi ko wata Asabar ɗin da babu lakca ta fi. Kada ka sa shi a makon jarrabawa, domin laifin barin karatu zai bi ka har kan dutsen. Mako na biyu ko na uku na zangon karatu, ko bayan fitowar sakamako da kwana uku, lokacin da zafin farko ya lafa, su ne suka fi amfani.

## Abin da za ka riƙe

Takalmin da ƙafarka ta saba da shi, kambas ko sau-ciki da safa. Sabon takalmi zai fitar maka da bororo kafin ka kai Kurmi, silifas kuma yana santsi a gangaren Dala. Ruwa lita 1, wato leda biyu na fiya wata, da zafi kuma ka ƙara ɗaya. Hula ko lema. Katin shaidar ɗalibi. Canjin kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, da na koko da ƙosai, kuma ka raba su aljihu biyu. Kada ka fita da yunwa, mai jin yunwa komai baƙi yake gani.

Maganar waya tana da fuska biyu. Ƙwacen waya matsala ce sananniya a Kano, saboda haka babbar waya ta zauna a aljihun ciki, ko ka bar ta a ɗaki ka ɗauki ƙaramar mai madannai. Sannan ko ba ɓarawo, wayar ita ce babbar mai ɓata wannan tafiya: saƙo ɗaya a guruf ɗin aji cewa wane ya samu tallafin karatu a waje ya isa ya rusa aikin safiyar. Ka kashe data. Iyafis ma ka bar shi, ko karatu ne ko wa'azi, domin kunnen da aka toshe ba ya jin babur a lungu, kuma zuciyar da ake yi wa magana ba ta samun damar yin tata.

Mai sikila ya ƙara ruwa, ya guji sanyin asuba da hunturu, ya kuma haƙura da hawan dutsen in jiki bai ba da dama ba. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa. Da azumi a rage tafiyar zuwa rabi ko a bari sai bayan salla.

Ke kuwa ɗaliba, ki tafi da ƙawa ɗaya ko ƙaninki, amma ku yi yarjejeniya tun a gida cewa babu hira sai a wuraren zama. In kuka kai uku, ya zama yawon buɗe ido. Kowa, namiji ko mace, ya faɗa wa wani a ɗaki hanyar da zai bi da lokacin dawowarsa.

## Takardar daren jiya

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma in babu shi tattakin motsa jiki ne kawai. Bayan isha'i ka ɗauki falle ɗaya da biro, ka ba kanka minti 15, ka rubuta duk wani tsari ko buri da ke kai-kawo a ranka, kowanne a layinsa. Kada ka tace. Har wanda kake jin kunyarsa ka rubuta: motar da kake son saya kafin shekara 30, yarinyar da ka yi wa alkawarin turowa bayan bautar ƙasa, ginin da kake son yi wa Umma. Ka rubuta su da sunansu da lokacinsu. "In yi nasara" ba tsari ba ne, ba za a iya auna shi ba. "In fita da maki 3.50" da "in tafi Malesiya digiri na biyu baɗi" su ne abin da ake nufi.

Ka bar fili a gefen dama na kowane layi. Ka naɗe takardar ka sa a aljihun rigar da za ka sa, ka kwanta. Kada ka fara warware komai a daren.

## Daga Ƙofar Nasarawa zuwa Gidan Makama

Ka sauka a Ƙofar Nasarawa ka miƙe titin da ya nufi gidan Sarki. Daga nan har Dala, ta gaban fada da babban masallaci da Kasuwar Kurmi, tafiyar ba ta kai kilomita 5 ba. Mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, ka ga ke nan rabin lokacinka na zama ne. Ka yi tafiyar da za ka iya amsa gaisuwa ba tare da haki ba.

A wannan zangon na farko, minti 20 ko kusa da haka, ba a taɓa takarda kuma ba a yanke komai. Aikinka kallo ne. Ka zaɓi abu ɗaya ka riƙa nemansa: ƙofofin zaure, ko rubutun da ke jikin shaguna, ko abin da masu tallan safe ke ɗauke da shi. Tunanin sakamako zai faɗo, ba shakka. In ya zo ka ce masa a zuci "kana takarda", ka mayar da ido kan abin da kake nema. Zai dawo, ka sake faɗa. Ba a kokawa da shi, domin tunanin da aka ce kada ya zo ya fi naci.

Gidan Makama yana gefen wannan hanya kafin fada. Gini ne na ƙarni na 15 da ake dangantawa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. In ka tarar a buɗe, kuɗin shiga kaɗan ne, kuma ya fi ko'ina dacewa da zama, musamman ga ɗaliba. In ba a buɗe ba, ka nemi inuwa ko bencin mai shayi. A gaban fada kada ka ɗaga waya ɗaukar hoto ba izini, in kuma ka ga jami'an tsaro sun tare hanya ka zagaya ba tare da jayayya ba.

## Zaman tantancewa

A nan ne aikin yake, ka ba shi minti 30 zuwa 40. Ka buɗe takardar ka bi layi-layi da tambaya ɗaya: wane abu zan iya yi da hannuna a kan wannan kafin Juma'a biyu masu zuwa? In akwai amsa, ka rubuta ta a gefen dama da ranarta. "Talata bayan lakca, in kai wa malamin da ke duba kundina babi na biyu." Wannan ɗan rubutun yana da ƙarfi fiye da yadda ake zato. A 2011 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Masicampo da Baumeister, sun nuna cewa aikin da ba a gama ba yana yi wa mutum kutse a tunani, amma da zarar ya tsara takamaiman lokaci da yadda zai yi shi, kutsen yana lafawa ko da bai taɓa aikin ba tukuna.

Wasu layukan za ka ga rabonka a cikinsu ƙarami ne, sauran yana hannun wasu. Jihar da hukumar bautar ƙasa ta NYSC za ta tura ka, amsar tallafin karatun da ka nema, ranar da majalisar jami'a za ta amince da sakamako, ko za a sake yajin aiki. Ka rubuta rabonka kaɗai: ka duba cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a takardar JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, da ta makaranta, ka nemi fasfo, ka tanadi wasiƙar shaida daga malami. Sannan ka rubuta "jira" da ranar da za ka sake dubawa. Tsakanin yau da wannan ranar babu abin da tunaninka zai ƙara.

Sai waɗanda lissafi zai yanke musu hukunci, kuma ɗalibai suna gudun wannan lissafin shekara guda cur. A ma'aunin maki 5, mataki na biyu babba yana farawa daga 3.50, mataki na ɗaya daga 4.50. A ce ka yi kiredit 120, saura 40. Don ka fita da 3.50 a kiredit 160 kana buƙatar jimlar maki 560. In kana kan 3.20 yanzu, kana da 384, saura 176, wato 4.40 a kowane kiredit da ya rage. Da wuya, amma yana yiwuwa, ya koma layin abin da ke hannunka. In kana kan 3.00, kana da 360, saura 200, sai ka ci A a kowane kwas ba kuskure ko ɗaya. In kana kan 2.90, kana buƙatar 212 alhali iyakar abin da kiredit 40 zai bayar 200 ne. Wannan tsarin ya riga ya mutu. Ci gaba da riƙe shi kamar sa wa layin wayar da aka toshe kati ne: kuɗin na tafiya, kira ba ya shiga. Ka ja masa layi ɗaya, ba gogewa ba, yadda za ka iya karanta shi nan gaba. Ka yi lissafin da ainihin kiredit ɗin sashenka, in akwai kwas ɗin da za ka maimaita ka sa shi ciki.

Za a samu layi biyu ko uku da ka kasa sa su ko'ina. Ka yi musu alamar tambaya ka tashi.

## Ta masallaci zuwa Kurmi

Ka zagaya ta babban masallacin Juma'a, wanda gininsa na yanzu ya tashi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, shi ne kuma aka sa wa jami'ar sunansa. Daga nan ka shiga lungu ka nufi Kurmi. Za ka ɓata, kowa yana ɓata. Ka yi sallama ga majalisar da ka tarar, ka ce, "Baba, barka da hantsi, ta ina zan ɓulla Kurmi?" Za a nuna maka, wataƙila ma a haɗa ka da yaro. In an ce "wa kake nema?" amsar ita ce wucewa kake. Kada ka tsaya kana leƙen zaure, kada ka bi lungun da ka ga ya ƙare a ƙofar gida.

Masu alamar tambayar nan su za ka riƙe a wannan zangon, ɗaya bayan ɗaya, da tambaya ta biyu: wa ya fara faɗin wannan? Sau da yawa za ka tarar ba kai ba ne. Baba ne yake son a ce ɗansa lakcara. Yaya ne ya ce aikin banki ko na kwastan. Abokan aji ne duk suka ce waje za su, kai ma ka ce. Gane mai tsarin ba ya nufin watsi da shi. Burin iyaye yana da haƙƙi a kanka, kuma wani lokacin sun fi ka hango nesa. Amma ɗalibin da ya san cewa don mahaifinsa yake neman abu yana ɗaukarsa da sauƙi fiye da wanda ke zargin kansa kullum a kan rashin son abin da bai taɓa zaɓa ba. Na abokan aji kuwa, mafi yawa a nan cikin lungu ake barinsa.

Kurmi ma tun zamanin Rumfa take ci. Da safe za ka tarar ana buɗe rumfuna: dukawa, 'yan turare, masu kayan doki, masu huluna. Ka ɗan tsaya ka kalli mai aikin hannu ɗaya na minti biyar, bayan ka gaishe shi. Ɗalibin da ya yi shekaru yana jin cewa hanya ɗaya ce, digiri sannan albashi, yana buƙatar ya ga mutanen da ke riƙe da gida ta wata hanyar, ko da shi ba zai bi ta ba. Ka riƙe aljihunka a wurin cunkoso, kada kuma ka fara ciniki, zai cinye safiyar.

## Kan Dala

Daga Kurmi Dala ba nisa, kuma kana hango shi. Akwai matakala. Ka hau a hankali, ka huta a tsakiya, ka sha ruwa. In ka ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, zafi ne ya fara cin ka: ka sauka, ka nemi inuwa, tattaki ya ƙare a nan. Kada ka hau kai kaɗai da magariba, in kuma ka tarar da taron da hankalinka bai kwanta da shi ba ka juya. Wannan dutse shi ne na labarin Barbushe, shugaban mazauna Dala kafin zuwan Musulunci. Daga sama za ka ga Goron Dutse ta yamma, da hasumiyoyin masallacin da ka baro, da iyakar tafiyar da ka yi.

Ka zauna minti 15. Ka karanta layukan da ka ja wa layi, kowanne sau ɗaya, ka faɗa da bakinka a hankali: "Na so wannan, bai yiwu ba, na bar shi." Zai yi ciwo, wani har ƙwalla, kuma hakan daidai ne. Kada ka yi wa kanka ƙaryar cewa dama ba ka so. Kada kuma ka buɗe ƙofar "da na yi kaza a aji ɗaya". Hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi hani da wannan kalma, ya koyar da a ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata.

Kowane tsarin da ka binne, ka rubuta ƙaramin abu ɗaya a gurbinsa. Gurbin da aka bari fayau tsohon burin ne ke komawa ciki. Wanda 3.50 ta kuɓuce masa ya mayar da ƙarfinsa kan kundin bincike mai kyau da sana'a ɗaya da zai koya kafin kiran bautar ƙasa. Sannan ka ƙirga abin da ya rage a layin hannunka. In sun wuce 3, ka zaɓi 3, sauran su jira zango mai zuwa. Kada ka yaga takardar ka watsar a kan dutsen, shara ce, kuma za ka buƙace ta.

## Bayan an dawo

Ka hau adaidaita, ba a komawa da ƙafa. Ka yi wanka, ka ci abinci, ka bar wayar a kashe wata awa guda. Kafin magariba ka aikata mafi ƙanƙanta daga cikin ukun nan, ko da tura saƙo ɗaya ne ga malami.

Babbar shawara, irin barin kwas, fasa alkawarin aure, ko ƙin aikin da aka nema maka, ba a zartar da ita ranar tattaki. Gajiya da iskar kan dutse suna sa mutum ya ji ya fi ƙarfin komai. Ka ba ta mako guda, ka yi shawara da wanda ya san harkar, ka yi istihara. In ta shafi mahaifi, kada ka aika a waya. Ka fara da Umma ko wani kawu da yake jin maganarsa, sannan ka same shi bayan ya ci abinci ya huta: "Baba, in an samu sarari akwai maganar da nake so in kawo." Ka zo da lissafin a rubuce da abin da za ka yi a madadin. Uba yakan karɓi canjin hanya in ya ga wata hanyar, abin da ba ya karɓa shi ne "na fasa" tsurarta.

## Inda abin ke lalacewa

Wasu sukan dawo da tsare-tsare fiye da waɗanda suka tafi da su, saboda tafiya tana buɗe kai, sababbin dabaru suna ta zuwa. Ka rubuta su a bayan takardar, kada ka taɓa su sai bayan wata guda. Wasu kuma sukan fake da tawakkali su ja wa komai layi, har karatun jarrabawar da ke gabansu. Wanda ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, an ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Abin da lissafi ya kashe ko yake hannun wani shi ake saki. Abin da kawai yake da wahala yana nan a wuyanka.

Akwai kuma mai mayar da tattakin mafaka, duk ranar da aiki ya yi nauyi sai ya fita. Cikakken tattaki da takarda sau ɗaya ko biyu a zangon karatu ya isa. A tsakani, tafiyar minti 30 a cikin makaranta kwana biyar a mako tana cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, kuma tana gyara barci. In tsarin da ka binne ya dawo da dare, zai kuwa dawo a makon farko, ka buɗe takardar ka karanta lissafin da ka yi da hannunka, ka rufe.

Wani nauyin kuma ba na tattaki ba ne. In ka kai mako biyu kusan kullum cikin ƙunci, abin da kake so a da ya daina yi maka daɗi, barci ko cin abinci ya rikice, ka daina shiga aji, wannan alamar ciwon damuwa ce, kuma ana maganinsa. Ka je asibitin makaranta ka faɗa wa likita yadda abin yake ba ragi, a tura ka sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano in da buƙata. In har tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, kada ka fita wannan tafiya kai kaɗai, kada ka hau dutsen. Ka faɗa wa wani na kusa a yau, ɗan ɗakinku ko yayanka ko limamin masallacinku, ya raka ka asibiti.